Me zan sa a ciki? Matakan shirya littafin fasaha na hannu, daga tunani zuwa kofi na ƙarshe

Masu zane da ɗalibai na nan Yamai sun sha aiko mana da tambaya iri ɗaya: na iya ninke takarda, na iya ɗinki, baduku ya yi mini bango mai kyau, to me zan sa a ciki? Wasu sun tara littattafai biyar ko shida a ɗaki, duk fararen shafuka, sun rasa ta inda za su kama. Littafin da muke nufi shi ne wanda mai zane yake yi da hannunsa, kofi ɗaya ko ƴan kaɗan, inda rubutu da zane da takarda da yadda ake buɗe shi duk suke faɗin magana guda. Ka bi matakan nan yadda suke a jere. Abin da za ka faɗa shi ke zaɓar siffar littafin, don haka bango ne aikin ƙarshe, ko da yake shi ya fi ɗaukar ido.

1. Kama abu ɗaya, ƙarami

Nan ne aka fi faɗuwa. Mutum ya ce zai yi littafi a kan "al'adun Hausa" ko "rayuwar Yamai", sai ya ƙare da zanen ƙwarya da raƙumi da rawani, irin wanda ke rataye a kowane shagon masu yawon buɗe ido. Babban batu ba ya ba ka abin zanawa, ƙaramin ne yake bayarwa. Ka gwada batunka da tambaya biyu. Za ka iya faɗinsa cikin jimla ɗaya ba tare da ka sa "da sauransu" ba? Za ka iya zuwa inda yake da ƙafa ko da taksi ɗaya, sau da yawa? In amsar ɗaya ta zama a'a, ka rage shi.

Ga irin batutuwan da suke ɗaukar littafi: kiran masu talla da ke wucewa ta ƙofar gidanku daga asuba zuwa magariba, ƙyallayen atamfa da suka zube ƙarƙashin keken tela ɗaya cikin makon sallah, kayan da maƙeran kasuwar Katako suke fitarwa daga tsohon gwangwani da ƙarfen mota, waƙoƙin daka da kakarka take tunawa, rubuce-rubucen bayan manyan motoci a tasha.

Za mu riƙe misali ɗaya har ƙarshe, wato ruwan kogi a gaɓa ɗaya, wata goma sha biyu. Batun yana da nama, domin kogin Yamai sau biyu yake cika a shekara. A watan Agusta da Satumba ruwa yana zuwa ja, ɗauke da ƙasar da rafukan Sirba da Dargol da Gorouol suka kwaso daga ɓangaren Burkina Faso. Sannan ruwan Gine, wanda ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, yana isowa cikin hunturu, ya kai ƙololuwa wajen Janairu, ba shi da wannan jan. Zuwa Mayu da Yuni yashi ya fito fili. Ka ga tun kafin a ɗauki fensir an sami launi biyu, hawa biyu da sauka.

Ka rubuta jimlarka a falle ɗaya ka manna a bango inda kake aiki. Duk abin da ka samo daga baya, da ita za ka auna shi.

2. Tara kaya, mako biyu zuwa uku

Abin da za ka riƙe: ƙaramin kaye da ke shiga aljihu, fensir mai laushi, waya don hoto da ɗaukar murya, ambulan biyar ko shida, da ƴan fallayen takarda sirara. Kada ka fara zanen gaske a wannan mataki. Tarawa kawai kake yi, kuma abu huɗu kake nema.

Na farko magana, yadda ta fito daga bakin mai ita. In masunci ya ce maka ruwa ya yi kaza, ka rubuta kalmarsa, kada ka gyara masa ita zuwa Hausar makaranta. A bakin kogi da yawa Zabarmanci za su yi maka. Ka ajiye shi yadda yake, ka sa Hausar a gefe, ka nemi wanda ya ji harshen sosai ya duba maka rubutun. Na biyu siffa: zanen gaggawa na minti biyu ko uku, bakin jirgi, igiyar shanya ta masu wanki, layin da ruwa ya bari a jikin gini tun ambaliyar 2020. Na uku launi: ɗibi ƙasa cokali biyu daga wurin, sa a ambulan, rubuta rana da wuri. Na huɗu fuskar abu: ɗora takarda sirara kan katakon jirgi ko tabarma ko komar kamun kifi, ka goga gefen fensir a kai, sawun zai fito. Wannan na huɗun shi mutane suka fi mantawa, alhali shi ke ba shafi abin da hoto ba ya iya bayarwa.

Ka koma wurin a lokuta daban-daban. Gaɓar kogi da hantsi da ta la'asar ba mutane ɗaya ke kanta ba. Abin da ba ka gani da idonka ba, misali watannin da ba su zo ba tukuna, ka tambayi masu lambu da masu jirgi su nuna maka inda ruwa yake tsayawa.

Hattara da izini. Kafin ka ɗauki murya ko hoton mutum, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka gaya masa abin da za ka yi da shi: "Baba, littafi nake haɗawa da hannu, ina son in sa maganarka a ciki, ka yarda in sa sunanka ko in bar shi?" In tsohuwa ce, "Inna" ko "Hajiya", kuma ya fi kyau wani na gidan yana wurin. Wanda ya ƙi, ka bar shi. Kada ka ɗaga waya wajen gada, barikin soja ko ginin gwamnati. Ka zana daga ƙwaƙwalwa in ka koma gida.

In batunka ya shafi tsohon rubutu ko adabin baka, akwai inda za a je. Sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na IRSH, cibiyar binciken kimiyyar zamantakewa da ke ƙarƙashin Jami'ar Abdou Moumouni, yana ajiye da dubban tsofaffin takardu, kuma kallon yadda malaman da suka tsara shafi, inda suka sa ja da inda suka bar fili, darasi ne babba. CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka da ke nan Yamai, ta daɗe tana tara adabin baka. A gidan tarihi na Boubou Hama kuwa za ka zauna kusa da masu sana'ar hannu suna aiki.

3. Shimfiɗa, ka zaɓe

Kwafe kowace magana a ƙaramar takarda tata, yanke kowane zane daban, ka baza duka kan tabarma. Ka raba kashi uku: wanda dole ya shiga, wanda ƙila, da wanda ba na wannan littafi ba ne. Kashi na uku ka zuba a ambulan ka ajiye, sau da yawa littafi na gaba daga nan yake fitowa. Kashi na biyu ka bar shi ya kwana biyu, ka sake dubawa. Yawancinsa zai bi na uku.

Ka yi rowar kalmomi. Littafi mai shafi 16 da aka rubuta da hannu, in shafi ya wuce kalma talatin zuwa arba'in, ido ya daina kallon zane, ya koma karatu kawai. Wasu shafukan kalma uku ta ishe su, wasu ba sa son ko ɗaya.

Sai ka nemi igiyar da za ta ɗaure su. Mafi sauƙi ita ce lokaci, asuba zuwa dare ko Janairu zuwa Disamba. Akwai hanya, daga wuri kaza zuwa wuri kaza. Akwai ƙari, inda kowane shafi yake ɗora abu ɗaya kan na baya har ya cika. Akwai kuma tambaya da amsa, wadda kacici-kacici ya riga ya koya mana: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" a shafin dama, sai an juya a ga tsintsiya. Igiya ɗaya za ka riƙe. Mai haɗa biyu ko uku a littafin farko yakan rikita mai karatu, ya rikita kansa.

4. Zaɓi siffar da ta dace da igiyar

Doguwar takarda mai ninki gaba da baya ta dace da duk abin da ke tafiya ba yankewa: kogi, hanya, jerin gwano. Ana iya karanta ta shafi-shafi a hannu, ana iya miƙe ta gaba ɗaya a kan tebur. Ita ce ta misalinmu. Ga lissafinta: falle A3 santimita 42 ne da 29.7. Raba shi biyu ta tsawo, ka sami tsiri biyu, kowane 42 da kusan 14.8. Kowane tsiri ya ba ka fuska huɗu masu faɗin santimita 10, da ragowar santimita 2 na mannawa. Tsiri uku sun ba da fuska 12, tsawon santimita 120, wata ɗaya a kowace fuska, layin ruwa yana hawa yana sauka daga farko har ƙarshe.

Littafi mai ɗinki a tsakiya ya dace da abin da ke son ɓoyewa da bayyanawa, irin su kacici-kacici da tatsuniya, domin mai karatu ba ya ganin abin da ke gaba sai ya juya. Shafukansa dole su zama huɗu-huɗu: 8, 12, 16, 20.

Fallaye sake, ba ɗinki, tsakanin kwali biyu cikin gafaka, ita ce siffar da malamanmu suka saba da ita, kuma mun ga masu zane suna raina ta ba dalili. Ta fi kowace dacewa da tarin abubuwa masu zaman kansu, kamar ƙyallayen tela ko karin magana, inda mai karatu zai iya fitar da ɗaya ya miƙa wa na kusa da shi. In kana son a bi jeri, ka yi yadda masu kwafar littattafai suke yi, ka rubuta kalmar farko ta falle na gaba a ƙasan wanda ake kai.

In za ka haɗa boko da ajami, ka tuna ɗaya daga hagu yake buɗewa, ɗaya daga dama. Kada ka tilasta musu hanya guda. Ka bar boko ya fara daga wannan bango, ajami daga wancan, su haɗu a tsakiya, ka ajiye zanenka mafi ƙarfi a wurin haɗuwar.

5. Yi na gwaji da takarda mai araha

Wannan mataki ne ba mu yarda a tsallake ba, ko mutum ya ƙware. Ɗauki takardar fotokofi da aka riga aka yi amfani da bayanta, ka yi littafin a ainihin girmansa, da ainihin yawan shafukansa. Ka liƙa ƙananan takardun nan naka da ɗan salatif yadda za ka iya cirewa ka sauya musu wuri. Zane a nan da'ira da layi sun isa.

Ka sa wa kowane shafi lamba tun yana ninke, sannan ka warware. Za ka ga abin da ke ruɗa masu farawa: a littafi mai shafi 16, falle huɗu ne, kuma shafi na 1 maƙwabcin na 16 ne a kan takarda, bayansu 2 da 15. Falle na biyu 14 da 3, bayansa 4 da 13. Na uku 12 da 5, bayansa 6 da 11. Na ciki 10 da 7, bayansa 8 da 9. Kowane biyu in ka haɗa 17 za su ba ka. In ba su ba da 17 ba, an yi kuskure. Shafi na 8 da 9 ne kaɗai suke kan fuska ɗaya ba yankewa, don haka zanen da zai ratsa shafi biyu can ne gidansa. In ka sa shi a wani wuri, sai ka zana rabi a wannan falle rabi a wancan, kuma da wuya bakinsu ya haɗu daidai.

Yanzu ka karanta shi a tsaye, da murya, kana juyawa. Ka lura da abu uku. Ido shafin dama yake fara faɗawa in boko ne, to abin da kake son a fara gani ya zauna can. Abin mamaki kuma bayan juyi yake zama, kada ka bar amsa tana kallon tambaya a buɗe ɗaya. Sannan ka duba ko shafuka masu nauyi sun yi jere uku ko huɗu. In haka ne, ka sa fili a tsakaninsu. Farin shafi da aka bari da niyya ba asarar takarda ba ne, wurin numfashi ne, amma ɗaya ko biyu sun isa a shafi 16.

Ka miƙa wa mutum uku, ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi musu bayani ko kaɗan. Ɗaya ya zama wanda ba ruwansa da zane. Ka kalli hannunsu: ina suka tsaya, ina suka wuce da sauri, ina suka juya littafin sama da ƙasa don sun rasa ta inda ake farawa. Bayan sun gama ka tambaye su, "Me ka gani?" In abin da suka faɗa ya yi nesa da jimlar da ka manna a bango, jerin ne bai yi ba tukuna. Ka gyara, ka sake wani na gwajin. Biyu ko uku kafin a taɓa takarda mai tsada ba ɓata lokaci ba ne.

6. Gwada takarda da launi

Takardar inji tana da hanya, kamar yadda katako yake da ita. Lanƙwasa falle a hankali ta tsawo, sannan ta faɗi. Ɓangaren da ya fi saurin bi, nan hanyar take. Ninki ya bi hanya. In ya gitta ta, littafin ba zai kwanta ba, shafuka su riƙa tashi, takarda mai kauri ma ta tsage a bakin ninki. Yawancin A4 na fotokofi hanyarsa ta tsawo ce, shi ya sa in ka ninke shi biyu kai tsaye yake yin gardama. Ka raba shi biyu tukuna, ka ninke kowane rabi, ƙaramin littafin da zai fito ya bi hanya daidai.

Takarda mai giram 80, wato nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar, ta rubutu da fensir ce kawai, ruwa yana sa ta tattare. Launin ruwa yana son giram 160 zuwa sama, irin takardar zane ta Canson da ake samu a shagunan kayan makaranta. Mai kaurin nan kada ka haɗa fiye da falle huɗu a ɗinki ɗaya. Takardar buhun siminti, in an kakkaɓe ta an goge da ɗanyen tsumma an danne, tana da ƙarfi kuma baƙar tawada da farar ƙasa suna fita a kanta da kyau.

Hattara da tsofaffin takardu da jaridu da za ka yayyanka ka manna. Ka duba gaba da baya, kada a sami aya ko sunan Allah a ciki.

Launin ƙasa ga yadda ake yin sa. Jiƙa ƙasar cikin ruwa, dama, bar yashi ya kwanta na ɗan lokaci, tsiyaye ruwan saman ta cikin ƙyalle mai laushi zuwa wani kwano, ka bar shi ya kwana. Laɓar da ta kwanta a ƙasa ita ce launinka. Daban kuma ka jiƙa ƙaro, awo ɗaya cikin ruwa awo biyu, ya kwana ya narke, ka tace. Ka riƙa ɗiga ruwan ƙaron cikin laɓar kaɗan-kaɗan. Shafa a takarda, bari ya bushe, goga da yatsa. In ya biyo yatsa, ƙaro bai isa ba. In yana ƙyalli yana tsattsagewa in an lanƙwasa, ya yi yawa. A misalinmu, wannan jar ƙasar ita za ta zama ruwan Agusta da Satumba, tawadar gawayi da ƙaro irin ta allo, an tsinka ta da ruwa, ta zama ruwan hunturu. Ka sani tawadar allo an yi ta ne don ta wanku, ɗigon ruwa ko gumin hannu yana ɗaga ta, don haka ka sa wata takarda ƙarƙashin hannunka in kana aiki.

Kowane launi ka gwada shi da rana kafin ka amince masa. Shafa layi, rufe rabinsa da kwali, ajiye a taga mako biyu, ka buɗe ka kwatanta. Ruwan zoɓo yana da kyau ranar farko, amma yana komawa toka-toka ya dushe; gangamau ma ba ya jure haske. Ƙasa da gawayi ba sa gushewa. Kuloko, baƙin rinin dukawa, ka bar shi a kan fata, ƙarfen da ke cikinsa yana cin takarda a hankali.

7. Rubutu da zanen gaske

Ka yanke fallayenka duka, da ƙarin biyu ko uku na maye gurbi. Aiki a shimfiɗe ake yi, kafin ɗinki. Ja layukan rubutu da fensir marar nauyi, ka bar aƙalla santimita ɗaya da rabi daga wurin ninki, da santimita ɗaya daga baki saboda datsewa. A kowane falle ka fara da abin da ka fi tsoron ɓatawa. Ga yawancin masu zane rubutu ne, domin kuskuren harafi ba ya ɓoyuwa, kuma ya fi sauƙi a jefar da falle kafin a zuba masa awa uku na zane. Banda inda launin ruwa zai bi ta ƙarƙashin rubutu, nan launi ne farko, ya bushe sarai.

Kafin ka sa tawada, wani ya duba maka rubutun. Ƙugiyar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ita aka fi mantawa, kuma in da kwamfuta za ka buga, ka tabbata nau'in harafin da ka zaɓa yana da su, in ba haka ba akwati zai fito a wurinsu ko harafin ya sha bamban da ƴan'uwansa.

In kofi goma kake so, ba dole ka zana komai sau goma ba. Ka yi baƙin layi da rubutu sau ɗaya, a yi maka fotokofi kan takardarka, ka sa launi da hannu a kowane kofi. Ka je da falle na gwaji tukuna, domin ba kowane inji ke jan takarda mai kauri ba. Bugun fotokofi yana jure ruwa amma yana fashewa in ninki ya bi ta kan baƙi mai yawa. Bugun ƙaramin injin tawada na gida kuwa yana narkewa da zarar buroshi ya taɓa shi. Siffar da ke maimaituwa, kamar jirgi ko kifi, ka sassaƙa ta a robar goge fensir ka yi hatimi. Hatimi a juye yake fitowa, in da harafi a ciki ka sassaƙa shi ta baya.

Lokacin shekara yana da tasiri. Cikin hunturu da bazara launi da gam suna bushewa kafin ka gama shafawa, sai ka yi aiki da sassafe, ƙaramin wuri bayan ƙaramin wuri, ka rufe fallaye saboda ƙura. A watan Agusta kuwa kome yana daɗewa bai bushe ba. Kada ka tara fallaye kan juna sai sun kwana.

8. Haɗawa

Tun da yawancinku kun iya wannan, a taƙaice. Ja layin ninki da bayan wuƙa a jikin rula ta ƙarfe, ninke, murje da bayan cokali. Danne ƙarƙashin katako da bulo dare ɗaya. Huda uku da basilla, ɗaya a tsakiya, biyu santimita 2 daga sama da ƙasa. Zare ya kai tsawon littafin sau uku, a goga masa kakin zuma. Daga ciki ka fita ta tsakiya, ka shigo ta sama, ka tsallaka ka fita ta ƙasa, ka dawo ta tsakiya, ka ɗaure bakin biyu a kan dogon zaren. Kwalin bango ya ɗara shafuka da milimita 3 a gefe uku, hanyarsa ta bi ta takarda.

Farin gam na kafintoci ya fi sauƙi, a shafa shi siriri daga tsakiya zuwa baki. Kokon fulawa, awo ɗaya cikin ruwa awo biyar, a dafa ana damawa kamar minti goma, ya fi ba da lokacin gyara, amma a zafin Yamai kwana ɗaya yake yi ya lalace, kuma kyankyaso yana son sa. Gam mai ƙarfin wari na masu gyaran takalmi kada ya kusanci takarda, yana ratsa ta ya bar tabo rawaya.

In fata za ka sa, ko daga majemar Gamkalle ko wajen dukawan Wadata, ka shinshina ta, ka danna farar takarda a kanta dare ɗaya. In ta bar maiƙo ko jan launi, haka za ta yi wa shafinka na farko. Ka nemi wata, ko ka sa falle mai kauri tsakaninsu. Baduku kuwa littafin gwaji za ka kai masa ya auna, mai kauri daidai da na gaske. Na gasken ya zauna gida.

9. Shafin ƙarshe, kuɗi da ajiya

A shafin ƙarshe ka rubuta sunan littafin, sunanka, Yamai da shekara, irin takarda da launin da ka yi aiki da su da inda ka ɗebo ƙasar, sunayen waɗanda suka ba ka magana in sun yarda, da lambar kofi, misali 3/10, ka sa hannu. In ka ce goma, goma ce. Kada ka ƙara bayan an saye. Waƙa ko rubutun wani mai rai ba a sa shi sai da izininsa a rubuce, kuma mai son kare nasa aikin ya tuntuɓi BNDA, ofishin haƙƙin mawallafa.

Farashin kaya yana motsi, don haka ka rubuta abin da ka kashe ranar da ka kashe shi, har kuɗin taksi da goron da ka kai wa dattijai. Ga yadda ake lissafin. A ce kayan kofi goma da ladan baduku sun ci jikka 25. A ce tarawa da gwaji sun ci awa 40, kowane kofi kuma awa 6, jimla awa 100. In ka yanka wa kanka dala ɗari a awa, jikka 50 ke nan, gaba ɗaya jikka 75. Kofi biyu ba na sayarwa ba ne, ɗaya naka, ɗaya na wanda ya fi ba ka magana. Raba 75 gida takwas, kowane kofi ya kama jikka tara da ɗoriya, ka ce goma. In za ka bar shi a shagon wani, ka tambayi kasonsa tukuna ka ɗora a kai. Kuskuren da aka fi yi shi ne lissafa takarda da fata kawai a manta awa 40 na farko.

Kafin ka rabu da kofi na farko ka ɗauki hoton kowane shafi a inuwa, da safe. Ka ajiye littattafan a kwance, kowane cikin farin ƙyalle, a akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa kuma bai jingina da bango ba saboda gara. Kada ka rufe su cikin leda da damina, laima tana taruwa a ciki ta kawo fumfuna. Ka buɗe akwatin sau ɗaya a wata ka duba, kuma littafin gwajin da ambulan ɗin ragowar kaya su zauna tare da kofinka, da kwanan wata a jikinsu.